Allon Jikin Taransifoma: Abin Da Kano Za Ta Koya Daga Garuruwan Da Ke Fama Da Girgizar Ƙasa

Duk wanda ya saba shiga kasuwar waya ya san rubutun jikin kaya daban, aikin kaya daban. Za a miƙo maka fawa bank mai girman sabulu, an buga masa 50,000mAh da manyan baƙaƙe. Lissafin ba shi da wahala: ƙwayar batirin irin wannan na'ura tana aiki ne a kan bolt 3.7, saboda haka 50,000mAh na gaskiya ya kai 185Wh, kuma batirin da zai ɗauki wannan caji nauyinsa ya doshi kilo guda. In ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar kwalin ashana, ka san amsarka tun kafin ka jona waya.

Mun iya wannan binciken a kan caja da batir. Muna danna *#06# mu duba lambar IMEI, mu kwatanta ta da ta jikin kwali. Amma akwai wata babbar caja da duk unguwa ke jone a jikinta, wadda kusan babu mai karanta rubutun da ke kanta, wato taransifomar bakin layi. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da allon ƙarfen da ke jikin kowace taransifoma a Kano zai zama shaidar da kowa zai iya tantancewa da wayarsa. Hanyar yin hakan kuwa, waɗanda suka fi kowa gwanancewa a kanta su ne mutanen da ƙasa ke girgiza a ƙarƙashinsu.

Yadda girgizar ƙasa ta haifar da ƙa'ida

Ranar 9 ga Fabrairun 1971 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.6 ta auku a San Fernando, kusa da birnin Los Angeles a Amurka. Cikin abubuwan da ta lalata har da babbar tashar wutar lantarki ta Sylmar, wadda ba ta daɗe da fara aiki ba. Injiniyoyi sun je sun duba abin da ya karye, da wurin da ya karye, da dalilin karyewar. Irin wannan nazari, da wanda aka sake yi bayan girgizar Northridge ta 1994, shi ne ya gina ƙa'idar da ake kira IEEE 693, wadda ke bayanin yadda za a ƙera kayan tashoshin wuta su jure girgiza. An sabunta ta a 1997 da 2005 da 2018.

Abin da suka gano yana da ban sha'awa. Babbar taransifoma tana iya kai nauyin tan ɗari ko fiye, kuma tankin ƙarfenta ba kasafai yake fashewa ba. Raunin yana wasu wurare. Na farko, dogayen ƙahonin tangaran da ke samanta, waɗanda wuta ke shiga da fita ta cikinsu: girgiza tana kaɗa su kamar sanda, su tsage ko su goce daga mazauninsu, mai ya fara yoyo. Na biyu, gindi. In ba a ɗaure taransifoma da kankare ba, sai ta zame ko ta kife, ta tsinke duk wayoyin da ke jone da ita. Na uku, tankin ajiyar mai da fukafukan sanyaya mai da ke rataye a gefe.

Saboda haka ƙa'idar ta raba juriya hawa uku: ƙarami, matsakaici da babba. Ana ɗora kayan da za su ɗoru a kan wani teburin jijjiga, a girgiza su da gangan kamar yadda ƙasa za ta yi, a gani ko za su tsira. Wanda ya yi wa teburin nauyi, kamar gangar jikin babbar taransifoma, ana tabbatar da shi ta hanyar lissafin injiniya. Daga nan a rubuta rahoto, ƙwararre ya sa hannu, sannan a kafa wa na'urar allon shaida da ke nuna ƙa'idar da ta cika, da hawan da ta kai, da rahoton da za a koma a duba.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da nake so mai karatu ya riƙe. Allon ba shi ne shaidar ba. Shi manuni ne zuwa ga wani gwaji da aka yi, a wata rana, wanda wani mutum mai suna ya ɗauki alhakinsa. A harshenmu na masu rubuta manhaja, allon adireshi ne, bayanin yana can a rumbu. Adireshin da ka danna bai kai ka ko'ina ba, ba shi da amfani komai kyan rubutunsa.

To mu ina ruwanmu da girgizar ƙasa?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan kambama abin ba. Najeriya ba ta kan gaɓar da manyan faya-fayen ƙasa ke gogayya, kamar Turkiyya da Siriya inda girgiza mai maki 7.8 ta hallaka dubun-dubatar mutane a Fabrairun 2023, ko Maroko da ta fuskanci tata a Satumban shekarar. Amma kuma ƙasarmu ba a daskare take ba. An ji motsin ƙasa a Kwoi ta jihar Kaduna a Satumban 2016, an kuma ji a Mpape da ke Abuja a Satumban 2018. A yankinmu na Afirka ta Yamma, birnin Accra na Ghana ya ga girgiza mai kisa a 1939.

Duk da haka, in wani ya ce a tilasta wa kowace taransifomar Fagge da Sabon Gari cika babban hawan juriya irin na Kalifoniya, zan ce ɓarnar kuɗi ce. Ƙa'idar duniya ta taransifoma, IEC 60076, wadda za ka ga an rubuta a mafi yawan allunan da ke garin nan, ita kanta ta ɗauka cewa a yanayi na yau da kullum motsin ƙasa ba zai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin jan ƙasa ba. Wanda wurinsa ya wuce haka, shi zai faɗa wa maƙeri tun wajen oda. Abin da ya dace da mu a wannan fanni mai sauƙi ne: manyan taransifomomin tashoshi irin su Kumbotso da Ɗan Agundi a ɗaure gindinsu da kankare yadda ya kamata, allonsu kuma ya faɗi hawan juriyar da aka saye su a kai, ko da ƙaramin ne. Ɗaurin gindi ba shi da tsada idan aka kwatanta da farashin na'urar, ga shi kuma babbar taransifoma ba a samunta a kan kanta, sai an yi oda, ana iya jiran fiye da shekara kafin ta iso.

Mun ɗanɗana abin da rashin babbar wuta ke nufi. A Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma faɗuwar layin Ugwuaji zuwa Apir, yawancin jihohin Arewa sun kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Masu cajin waya da janareta sun ƙara kuɗi, ƙanƙara ta yi tsada, teloli da masu walda sun zauna, mu masu aiki da kwamfuta muka koma farautar shagon da ke da sola. Wancan matsalar layi ce, an gyara. Da babbar taransifoma ce ta mutu ba tare da madadi ba, lissafin watanni za a yi.

Tamu girgizar

Mutanen Kalifoniya sun tambayi kansu mene ne ke kashe masu kaya, suka rubuta ƙa'ida a kansa. Mu ma mu yi wa kanmu wannan tambayar. Amsar farko ita ce zafi.

IEC 60076 ta ƙayyade yanayin da ta kira na al'ada: zafin iska kada ya wuce digiri 40 a kowane lokaci, matsakaicin zafin wata mafi zafi kada ya wuce 30, matsakaicin na shekara kuma kada ya wuce 20. Yanzu kwatanta da Kano. Matsakaicin zafinmu na shekara yana wajen digiri 26, kuma a watan Afrilu ba baƙon abu ba ne rana ta taɓa 40 ko ta haura. Ke nan taransifomar da aka ƙera bisa yanayin al'ada ta shigo garin da ya fi ƙarfin lissafinta tun ranar farko.

Me wannan digiri shida zai yi? A cikin taransifoma, wayoyin da aka naɗa a lulluɓe suke da takarda ta musamman, a nutse cikin mai. Rayuwar takardar ita ce rayuwar na'urar. Ƙa'idar lodi ta IEC ta nuna cewa, ga takardar da aka saba amfani da ita, duk ƙarin digiri shida a wurin da ya fi zafi a ciki yana ninka saurin tsufanta sau biyu. Ma'ana, in aka ɗora mata cikakken lodin da ke rubuce a allonta a zafin Kano, za ta iya cinye shekarunta cikin rabin lokaci. Wannan kafin a yi maganar lodin da ya wuce kima. Taransifoma mai 500kVA da ke fitar da bolt 415 tana iya ɗaukar kusan amfiya 695 a kowane layi cikin ukun. A unguwa irin Sabon Gari, inda bene guda ke ɗauke da shaguna a ƙasa da gidajen haya a sama, ga firiza ga injin niƙa ga na'urar sanyaya ɗaki, ba a daɗewa ake cinye wannan adadi. Sau da yawa ma layi ɗaya ake jibga wa kaya, sauran biyun suna hutawa. Maganin a sarari yake: ko a yi odar wadda aka ƙera don zafinmu, ko a rage mata lodi. Amma ta yaya za ka san wacce aka kawo maku in allon bai faɗa ba?

Girgiza ta biyu ita ce hanya. Taransifomar da ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas sai ta yi tafiyar wajen kilomita 1,000 a bayan tirela kafin ta iso Kano. Duk wanda ya bi hanyar ya san ramukanta. Kowane faɗawa rami bugu ne ga naɗin wayar da ke ciki, kuma in naɗin ya goce ba a gani daga waje. Shi ya sa a aikin da aka yi bisa tsari ake liƙa wa manyan taransifomomi na'urar da ke rubuta duk wani bugu da suka sha a hanya, sannan a sake gwada su bayan sun isa. A zahiri, jijjigar da taransifomar Kano ke sha tsakanin Legas da nan ta fi duk wadda ƙasa za ta yi mata a tsawon rayuwarta. Sakamakon wannan gwaji na bayan isowa ya kamata ya zama abin da ake iya dubawa.

Sai tsawa a damina, da ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan tangaran, da ɓarayin da ke zuƙe mai ko su yanke waya. Kowanne akwai kariyarsa, kowace kariya kuma akwai ranar da aka duba ta ko ba a duba ba.

Inda allo ke zama ƙarya

A ƙa'ida, allon taransifoma yana ɗauke da sunan maƙeri, lambar na'ura, shekarar ƙira, ƙarfinta da kVA, bolt na shiga da na fita kamar 11,000 zuwa 415, salon sanyaya ta, nauyin mai da nauyinta duka. Bayani ne mai kyau. Matsalar ita ce allo ƙarfe ne da ƙusa huɗu. Wanda ya iya buga 50,000mAh a jikin fawa bank zai iya buga 500kVA a jikin 300kVA. Tsohuwa za ta sha fenti ta fito a matsayin sabuwa. Wadda aka sake naɗawa da siririyar waya, ko da alminiyam a inda allo ya ce jan ƙarfe, ba za ka gane ta da ido ba sai ranar da ta yi ƙara. Ko alamar CE da muke gani a jikin caja, a yawancin kayayyaki maƙerin ne da kansa ke shelanta cewa ya cika ƙa'idar Turai, ba wata hukuma ce ta gwada kowane ɗaya ba. Tambari kaɗai bai taɓa zama hujja ba.

Wa ke ɗaukar asarar? Kowa a garin nan ya san yadda abin ke tafiya. Taransifoma ta buga, a kafa kwamiti, a bi gida-gida da shago-shago ana karo-karo. Hukumar NERC ta sha nanata cewa sayen taransifoma da turakun wuta da gyaransu alhakin kamfanin rarraba wuta ne, ba na mai biyan bil ba. Amma mai shagon sanyi da ke kallon kayansa na narkewa ba zai jira takarda ba, zai ba da nasa kason. Wani lokacin kuma ɗan siyasa ne zai kawo a matsayin aikin mazaɓa, a yi hoto a watse. A duk hanyoyin biyu, talakan da ya biya ko aka yi domin sa ba shi da hanyar sanin abin da aka kafa masa. In ta sake ƙonewa bayan wata takwas, sai a ce ƙaddara ce, a sake zagayowa da littafin karo-karo. Wayarka da talabijin ɗinku da suka tafi ranar da wuta ta yi tsalle, su kuma babu mai biya.

Ba hukumomi muka rasa ba. SON tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, da MANCAP na waɗanda ake ƙerawa a gida. NEMSA, wadda doka ta kafa a 2015, aikinta ne ta duba ta gwada kayan wuta kafin a jona su. KEDCO ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, TCN kuma ke riƙe da manyan tashoshi. Takardu suna nan a ofisoshi. Abin da babu shi ne igiyar da ta haɗa takardar da ke cikin fayil da ƙarfen da ke bakin layinmu, ta yadda mutumin unguwa zai iya ja ya gani.

Abin da nake ba da shawara

A ba kowace taransifoma lamba guda da ba ta maimaituwa, a buga ta a jiki da manyan baƙaƙe tare da lambar QR da za a iya ɗauka daga nesa. Wanda ya yi sikanin ko ya tura lambar ta gajeren saƙo, ya samu amsa daga rumbun hukuma: maƙeri, shekara, kVA, zafin da aka ƙera ta ta jure, sabuwa ce ko gyararriya, ranar da aka gwada ta bayan isowa, ranar da aka duba mai na ƙarshe, da wanda ya biya kuɗinta. Ga manyan na tashoshi, a ƙara hawan juriyar girgiza. Inda ba a yi gwaji ba, a rubuta ba a yi ba. Gurbin da ya faɗi gaskiya ya fi tambarin da ya yi ƙarya.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 2010 NAFDAC ta fara tsarin da ake kankare jikin kwalin magani a tura lamba ta waya a ji ko na gaske ne. In an yi wa maganin zazzaɓi na 'yan ɗaruruwan naira, me zai hana na'urar miliyoyi? Ta fuskar manhaja kuwa, aikin bai fi rumbun bayanai guda da shafin dubawa da hanyar gajeren saƙo ba. Akwai matasa a Kano da ke gina abin da ya fi wannan wahala don kantunan sayar da data. Wahalar tana wajen shigar da bayanin gaskiya da sabunta shi, kuma wannan aikin hukuma ne.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce ai lambar QR ma ana iya yin jabunta. Gaskiya ne, sitika ana kwafarta. Amma in rumbun ya nuna cewa wannan lamba ta taransifoma ce mai 300kVA da aka kafa a wata unguwa daban, kai kuma kana tsaye gaban wata a France Road, ƙarya ta ƙare. Sharaɗin shi ne amsa ta fito daga adireshin hukuma da kowa ya sani, kada ta fito daga shafin ɗan kwangila.

Wani zai ce bayanin zai taimaki ɓarayi. Ɓarawon mai ba ya buƙatar intanet kafin ya san inda taransifoma take, a bakin titi take kowa na gani. Hasali ma lambar da aka yi wa rajista tana wahalar da sayar da ta sata, kamar yadda IMEI ke yi wa wayar sata. Bayanan tsaro na manyan tashoshi kuwa ana iya barin su a hannun hukuma, a fitar da abin da ya shafi inganci kawai.

Wani kuma zai ce mu da ba mu da wutar, ina mu ina allo? Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, domin lambar QR ba ta ƙara megawat ko ɗaya. Sai dai wutar da ake samu, komai ƙanƙantarta, ta cikin wannan na'ura take bi kafin ta iso soket ɗinka. Unguwar da taransifomarta ta ƙone ba ta amfana ko da an ninka wutar ƙasa sau biyu. Kuma duk naira da aka kashe wajen maye gurbin na'urar da ta mutu tun ba ta tsufa ba, naira ce da ba ta je wajen faɗaɗa layi ba.

Kafin hukuma ta motsa

Akwai abin da za mu iya da wayoyin da ke hannunmu. In za a kawo taransifoma unguwarku, ko da kuɗin karo-karo ko kyautar wani, ku nemi a ɗauki hoton allonta tun tana ƙasa ba a jona ba. Ku nemi kwafin rahoton gwajin masana'anta, ku duba ko lambar da ke takarda ta yi daidai da ta jikin ƙarfe. Ku tambaya ko NEMSA ta duba. Ku ajiye hotunan da rasit a zauren WhatsApp na unguwa, inda ba za su ɓata ba in an canja kwamiti. Ku rubuta ranar da aka jona da ranar duk wata lalacewa. Bayan shekara biyu kuna da tarihin da za ku ajiye a gaban kamfani ko NERC, a maimakon ihu a bakin layi.

Gargaɗi guda, kuma da gaske nake: wadda take jone da wuta kada kowa ya matsa kusa da ita, kada a tsallaka shinge, kada a hau turke saboda hoto. Bolt 11,000 ba sai ka taɓa ba, kusanta kaɗai tana iya kisa. Ka tsaya nesa ka jawo hoton da kyamara. In bai fito ba, ka haƙura.

Mutanen da girgizar ƙasa ta rusa wa tasha a 1971 ba su tsaya a jaje ba, sun auna abin da ya karye sun mayar da shi ƙa'ida mai lamba da sa hannu. Mu namu taransifomomin suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, babu labari a rediyo, babu mai ƙirgawa. Mu fara da ƙirgawar.